Ƙarasau, Tafintar Sashen Kunne

Kakarta ce ta laƙaba mata Ƙarasau tun tana 'yar mitsitsiya, kuma sunan ya bi ta har ya danne na yanka. Dalili kuwa shi ne ba a fara magana a gabanta a kai ƙarshe. In mahaifiyarta ta ce, "Je ki ɗauko mini..." kafin ta rufe baki yarinyar ta kai ƙofar ɗaki, ta dawo da tsintsiya ko almakashi ko murfin tukunya, duk wanda ranta ya ba ta. Abin da ya ɓata lamarin shi ne yawanci takan dace. Da tana yawan kuskure da tuni an gyara ta. Amma da yake abin da ta kawo shi ake nema, sai aka bar ta ta girma da halinta, ana dariya ana cewa kan yarinyar nan yana ja.

Turanci bai ba ta wahala a makaranta ba. Da ta gama sakandare ta kama aiki a wani kantin magani, tana karanta wa mutane 'yar takardar da ake naɗewa a cikin kwali, tana mayar musu da ita Hausa. A nan ta haɗu da mijinta, mai gyaran firji, ranar da ya zo duba na kantin. Mutum ne mai sanyin magana, har abokansa suna cewa sana'ar ce ta shiga jininsa. Yakan ɗauko zance, ya ajiye shi a tsakiya, ya nemi sukundireba, sannan ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, in an bar masa wurin. Ita kuwa ba ta cika bari ba. Dangi suka ce Allah ya haɗa su daidai, shi ya fara ita ta ƙarasa. Suka haifi 'ya'ya uku a wani gida mai ɗaki biyu da tsakar gida cike da matattun firji masu jiran a tashe su.

Autarsu ta shiga makaranta ke nan aka buɗe sashen kunne a asibitin garin, aka kawo wata likita wadda ba ta jin Hausa. Maƙwabciyarsu, wata nas, ta leƙo ta kan katanga ta ce ana neman tafinta. Ƙarasau ta je, aka gwada ta, aka ɗauke ta.

Ɗakin duba marasa lafiya ƙarami ne, taga ɗaya, da fanka mai kuka kamar za ta faɗo. A bango akwai babban hoton kunne an tsaga shi biyu, cikinsa ya murɗe kamar katantanwa. A kan tebur akwai 'yar fitilar leƙa kunne da wani ƙarfe mai baki biyu wanda ake bugawa ya yi ta ƙugi. Likitar dattijuwa ce doguwa, tabarau rataye a wuyanta da igiya. Ƙarasau takan tsaya a tsakaninta da mara lafiya, hannu a ƙugu, ta karɓi magana daga nan ta miƙa can.

Ba ta jima ba ta gano wani abu game da Turancin likitar wanda ba a koya mata a aji ba. Wata rana da yamma ta kawo wa mijinta labarin, yana tsugune a bayan wani firji.

"Baban yara, mutanen nan ba sa shiga magana ta ƙofa, sai sun zagaya ta bayan gida. Kafin ta faɗi abu guda sai ta ce, 'mai yiwuwa na yi kuskure, amma,' ko 'kamar dai,' ko 'iyakar abin da na gani,' ko 'ki gyara mini in ba haka ba ne.' Likita guda fa, da furfurarta. Yau har cewa ta yi wai kada mu yi tsalle mu dira a kan hukunci. Haka suke faɗa a yarensu in suna so mutum ya dakata. Wai tsalle."

Ya ɗago kai a hankali. "To ai ke..."

"Gwiwoyina ba za su iya ba, na sani."

Ya yi murmushi ya koma kan wayoyinsa. Ba abin da ya yi niyyar faɗa ke nan ba, amma ba a tambaye shi ba.

A ganin Ƙarasau duk waɗannan kalmomi ɓawo ne, aikin tafinta kuma shi ne ta ɓare ta ba mutum tsabar. Mutane sun baro sana'arsu, sun zauna a benci tun safe, ba su zo jin "watakila" ba. Saboda haka sai likita ta yi dogon bayani, ita kuma ta juya ta ce, "Datti ne, za a wanke," ko "Sanyi ne ya taɓa shi, ga magani." Layi yana tafiya, marasa lafiya suna fita suna sa mata albarka, nas-nas suna cewa ba a taɓa yin tafinta mai zafin nama irinta ba. Kuma kamar yadda aka saba, yawanci takan dace.

Ana nan, wata safiya wani mutum ya shigo ɗauke da 'yarsa mai kimanin shekara uku, matarsa tana biye da shi. Garin katako ne a gashin kansa da kafaɗun rigarsa, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Ya ce yarinyar ba ta fara magana ba, kuma in an kira ta ba ta waiwayowa. Likita ta leƙa kunnuwan biyu, ta buga ƙarfen nan a bayan ƙeyar yarinyar, ta tafa hannu. Yarinyar tana ta wasa da maɓallin rigar ubanta. Can iska ta buga ƙofa da ƙarfi, sai ta ɗan zabura ta dubi wajen.

Likita ta sa tabarau, ta cire, ta yi magana a hankali. Ta ce da alama jin yarinyar ya yi rauni, amma ba za ta iya cewa nawa ne raunin ba, ko mene ne ya jawo shi. Ta ce tana ganin kamar akwai ruwa a bayan dodon kunne, kuma irin wannan wani lokaci akan yi maganinsa. Ta ce kada kowa ya yanke komai sai an gwada ta da inji, ranar da mai injin yake zuwa.

Ƙarasau ta dubi layin da ke waje, ta dubi iyayen, ta ce, "Likita ta ce ba ta ji. Kurma ce. Ku dawo ranar da mai inji yake nan a yi mata gwaji."

Uban ya gyara riƙon 'yarsa. "Baba, gwajin zai sa ta ji?"

Wannan tambaya ta likita ce, amma Ƙarasau ba ta miƙa ta ba. "Gwaji dai gwaji ne, ɗana, ba magani ba ne."

Ya yi godiya. Matar ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, suka fita.

Ranar mai inji ta zo ba su zo ba. Ta sake zagayowa, shiru. Likita ta sa aka kira lambar wayar da mutumin ya bari, ba ta shiga. Da aka tashi aiki ta ce wa Ƙarasau ta ɗan dakata, ta ja mata kujera.

"Me kika faɗa musu ranar nan?" in ji ta. "Ina nufin ainihin kalmomin."

Ƙarasau ta maimaita. Likita ta girgiza kai. Ashe ta tsinci 'yar Hausa a zamanta, kuma ta daɗe da lura cewa dogon zancenta yakan fito ta ɗaya ɓangaren gajere.

"Ban ce kurma ce ba," ta ce. "Ban sani ba. Har yanzu ban sani ba."

"Likita, mutanenmu in kin ce musu 'watakila' sai su ce ba ki san aikinki ba, su tafi wurin wanda zai buga ƙirji ya ce ya sani, ko da ƙarya yake."

"Na yarda akwai wannan. Kin fi ni sanin su. Amma watakilan da kike zubarwa ba don ladabi nake faɗinsa ba. A ranar nan shi kaɗai nake da shi da zan ba su."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce za ta kai ƙara ba. Wannan ya fi cin ran Ƙarasau. Ta taka zuwa gida maimakon ta hau mota, tana ta gardama da likitar a zuciyarta, kuma duk inda ta ɓullo sai ta tarar da fuskar matar nan a rufe da mayafi. Kafin ta kai gida ta ƙudura cewa sai ta nemo su.

Ta ba mijinta labari yana wanke hannu da kananzir. Da ta zo kan garin katakon da ta gani a jikin mutumin, ya tsaya.

"Garin katako kika ce? Da hannu a tsattsage? Ai akwai..."

"Kafinta ne, na sani. Gobe zan bi layin kafintoci."

Washegari da ta tashi aiki ta bi layin kafintoci daga wannan kai zuwa wancan. Ta shiga rumfar masu gado, ta shiga ta masu ƙofa, ta shaƙi ƙura da warin fenti har ta yi ta atishawa. Ko'ina ta tambayi mai 'ya 'yar shekara uku da ba ta magana. Wani ya nuna mata wani, aka kai ta wurin wani dattijo wanda jikansa namiji ne, kuma surutu ne ma ya yi masa yawa. Kashegari ta gwada masu tsaga katako a bayan tasha. Ta dawo gida ƙafafu a kumbure, ta zauna a kan wani firji da aka kwantar, ta cire takalmi.

Mijin ya kawo mata ruwa, ya tsaya a gefenta.

"Shekaranjiya na fara ce miki..."

Bakinta ya buɗe da kansa. Ta ji maganar ta zo har kan harshe, ta sa kofin a baki ta haɗiye ta da ruwa. Shi ma ya tsaya yana jira a ƙarasa masa, kamar wanda ya saba a karɓe masa kaya a ƙofa. Da ya ga ba a karɓa ba, ya ci gaba da kansa.

"Masu sayar da ƙanƙara ma da garin katako suke aiki. A ciki suke binne ta kada ta narke. Sanyin ne yake tsattsaga musu hannu. Akwai wani a bayan kasuwar kifi, nakan gyara musu inji. Kwanaki na ji ana yi masa jaje a kan 'yarsa."

Ƙarasau ta daɗe tana kallonsa. "Me ya hana ka faɗa tun ranar?"

"Kin ce kin sani."

Sai suka yi dariya su biyu, tata da ɗan ɗaci.

Shi ya raka ta. Rumfar kwano ce mai duhu, manyan sandunan ƙanƙara a jere an lulluɓe su da garin katako da buhuna, ruwa yana bin ƙasa zuwa kwata. Mutumin ya gane ta nan take, ya ajiye ƙugiyar da ke hannunsa ya gaishe ta da ladabi. Da ta ce magana ce a kan yarinyar, ya bar wa abokin aikinsa rumfar ya kai su gida, ɗaki guda ne a wani lungu kusa.

Matar tana zaune tana linke wanki, yarinyar tana gefenta tana jera murafun kwalba. Ɗakin tsit yake. Ƙarasau ta zauna a bakin katifa, ta ce musu ta zo ne ta gyara magana, domin abin da ta faɗa musu a asibiti ba shi likita ta ce ba. Sannan ta jero musu zancen likitar kamar yadda ya fito, da "da alama" ɗinsa, da "kamar" ɗinsa, da "ban sani ba tukuna." Ta ce kalmar kurma daga bakinta ta fito, ita kaɗai.

Uban ya sunkuyar da kai. Matar ce ta yi magana, karo na farko da Ƙarasau ta ji muryarta.

"Da nakan yi mata waƙa in ina yi mata wanka. Nakan ba ta labarin duk abin da nake yi, ko wanke-wanke ne. Tun ranar nan na daina. Na ce me zan ce mata tunda ba ta ji."

Ƙarasau ta matso kusa da ita. Ta ce, "'Yata, ki yafe mini. Ki koma yi mata. Kusa da kunnenta, ki bari tana ganin bakinki. Ban ce tana ji ba. Ban ce ba ta ji ba. Ku zo a duba."

Suka zo. Aka sa yarinyar a cinyar uwarta a ɗan ɗakin gwaji mai bango mai kauri, aka ɗora mata abin ji a kai, mai inji yana murza maɓalli yana kallon idonta. Sakamakon bai fito yadda kowa ya zata ba. Kunnen hagu ruwa ne ya toshe shi, kuma za a iya yi masa ɗan ƙaramin aiki. Na dama kuwa rauninsa daga ciki yake, ba zai warke ba, sai dai a sa mata na'urar da ke ƙara sauti.

"Za ta yi magana?" uban ya tambaya.

Wannan karon Ƙarasau ta juya ta miƙa tambayar. Likita ta amsa, ita kuma ta dawo da amsar ba ta rage ko wasali ba. "Ta ce ba za ta yi muku alkawari ba. Ta ce yara da yawa masu irin wannan sukan yi magana, wasu da wuri wasu a makare, wasu kuma maganar ba ta fita sosai. Ta ce tana kyautata zato, amma sai an gani."

Ta jira ta ga ya ɓata rai. Sai ya gyaɗa kai, ya dubi matarsa. "To, ai wannan ma abin riƙewa ne."

Aka yi aikin, aka sa na'urar. Yarinyar ta yi ta fizge ta tana jefarwa, sau ɗaya har cikin bokitin ruwa, uwar tana tsamowa tana shanyawa. Aka daɗe kafin kalma ta fito, kuma da ta fito ba "Mama" ba ce, ba "Baba" ba ce. Wata rana uban ya shigo sashen da ita a kafaɗa, ba ranar ganin likita ba, ya ce ta faɗa wa Baba tafinta abin da ta iya. Yarinyar ta dubi fankar da ke kuka a sama, ta toshe kunne, ta ce, "Bari." Nas-nas suka yi ta dariya, likita ta tambayi me ta ce, da aka fassara mata ta ce ita ma abin da take so ta faɗa wa fankar ke nan tun zuwanta.

Ba za a ce Ƙarasau ta zama wata daban ba. Har yau in 'ya'yanta sun kira ta a waya takan amsa tambayar da ba su gama yi ba. Layin sashen kunne ma ya rage gudu, har wasu nas-nas suna gunaguni cewa tafintarsu ta tsufa. Amma ta samo wa maganganun likita gurbi a Hausa, ta gane ashe muna da su tuntuni, ita ce ba ta waiwaye su ba: "Allahu a'alam, amma," "in ban yi kuskure ba," "kada dai mu yi gaggawa," "bari mu gani tukuna." Ta kuma koya wa likitar wani abu. Ta ce mata in za ta ce ba ta sani ba, ta haɗa da abin da za a yi a sani, da ranar da za a dawo, domin mutum ya fita da abu a hannu. Likitar ta karɓa, ta riƙa yi har ta yi ritaya ta koma ƙasarsu.

Yanzu likitocin sashen duk suna jin Hausa, ba a cika bukatar tafinta ba. Amma akwai marasa lafiyar da ba Hausa ba Turanci, sai hannu, kuma ba wanda yake fahimtarsu in ba su zo da ɗan'uwa ba. Saboda haka duk ranar Asabar Ƙarasau takan je wani aji a bayan asibitin, inda wata matashiya kurma take koyar da maganar hannu. Ita ce mafi tsufa a ajin, yatsunta kuma sun yi tauri. Makon jiya ta yi niyyar ta ce wa malamar tana jin ƙishirwa, sai malamar ta kama ciki tana dariya har da hawaye, ta rubuta mata a allo cewa abin da ta ce shi ne akuyarta tana gaishe ta. Ƙarasau ta gyara zama, ta miƙa hannuwanta biyu, malamar ta kama yatsun tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya.